Harshe a Gidan Mai Masauki Ake Koyonsa

Duk daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallon ƙwallo na Gyadi-Gyadi a Kano ba sa ɗaukar jama'a. Benci ya cika, wasu na tsaye a bakin ƙofa, janareta na ruri a waje, mai shayi yana ciniki har tsakar dare. Samarin nan sun haddace sunan kowane ɗan wasa, sun san ranar da Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya bar Almeria ya koma Real Sociedad a 2022. Amma da za a sauke ɗayansu a tashar mota a Madrid, da wuya ya iya tambayar inda ake sayar da ruwan sha. Ba laifinsu ba ne. Ba a koyar da Sifaniyanci a makarantunmu na gwamnati, kuma cibiyar Cervantes, wadda Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshenta, sai a 2021 ta buɗe cikakken reshenta na farko a Afirka kudu da Sahara, shi ma can Dakar.

Alhali harshen ba kanwar lasa ba ne. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da shi a baki, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da gaɓar Kalaba, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama. A Kyuba ma, makarantar likitanci ta ELAM da aka buɗe a 1999 tana karɓar ɗalibai daga Afirka, kuma sai ɗalibi ya fara koyon harshen kafin ya taɓa littafin likitanci.

To, ta wace hanya baƙo ke kama shi da sauri? Wani ƙaramin gari mai suna Antigua a ƙasar Gwatamala ya yi suna a kan wannan. Tun 1969 aka kafa wata makarantar harshe a garin, daga baya irinta suka yawaita, matafiya masu dogon zango suna yada zango na makonni ko watanni. Tsarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Da safe ɗalibi ya zauna da malami guda, su biyu kacal a kan ƙaramin tebur, galibi awa huɗu. Da rana ya koma gidan da makaranta ta sama masa ɗaki, gidan iyali na gaske, da uwar gida da yara da kaka. Tare ake cin abinci, kuma sau da yawa babu mai jin Turanci a gidan.

A nan asirin yake. A aji, in ka yi kuskure malami ya gyara, ba abin da ka rasa. A gida kuwa, in ba ka iya cewa barkono ya yi maka yawa ba, gobe ma haka za ka ci. Bukata ce ke buɗe baki. Sannan maganar gida maimaici ce: yaushe za ka dawo, ka ƙoshi, rufe ƙofa, ina makulli. Abin da kunne ya ji sau ɗari ba ya bukatar hadda. Yara kuma su ne malaman da ba su da kara; ka karkata lafazi su fashe da dariya, su maimaita maka daidai har sai ka faɗa. Kada dai a raina ajin. Aikatau a Sifaniyanci yana sauya kama gwargwadon mai yi da lokacin yi, kuma wanda ya dogara da kunne kaɗai zai yi shekaru yana magana a gurgunce. Aji ke ba da ƙa'ida, gida ke sa ta zauna.

Bahaushe bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro a gidan mai masauki suke sauka: shi ne mai ba da ɗaki, shi ne dillali, shi ne tafinta. Tarihin nazarin Hausa a Turai ma ya bi ta cikin gida. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya yi wa Bature matafiyi Heinrich Barth hidima, ya isa Ingila tare da shi a 1855, ya zauna a gidan J. F. Schön, mai nazarin Hausa. Daga bakinsa Schön ya rubuta yawancin abin da ya fito a littafin Magana Hausa na 1885, shi kuma Dorugu ya dawo da Turanci, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912. Yau ma a Tarauni ana ganin haka. 'Yar bautar ƙasa daga kudu da ta kama ɗaki a gidan haya cikin mata, kafin shekara ta zagayo tana cinikin kayan miya a kasuwar Tarauni har tana neman ragi. Abokiyarta da ta zauna a masaukin 'yan uwanta za ta tafi da "sannu" da "na gode" kawai.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke tura 'ya'yanmu karatu waje. Tun zamanin Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Kano ta tura ɗalibai da yawa ƙasashen duniya, an kuma farfaɗo da shirin a 2023. Alheri ne babba. Sai dai ɗabi'armu ce in mun je mu dunƙule wuri guda: ɗaki ɗaya, tukunyar tuwo ɗaya, hira da Hausa, karatu da Turanci. Zango yana da daɗi, yana kare mutum daga kewa, amma mutum kan dawo da digiri ba tare da harshen garin da ya rayu a ciki ba. Gwamnatin tarayya ta gane wannan tuntuni, shi ya sa ta kafa ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991 da na Larabci a Ngala a 1992, don ɗaliban jami'a su yi zaman da ba a jin komai sai harshen.

Iyaye za su yi tambaya, kuma suna da gaskiya. Naman alade abincin yau da kullum ne a Sifaniya da Latin Amurka, giya kan hau tebur, gidaje da yawa suna da kare a ɗaki. Maganin shi ne a faɗa tun kafin a biya kuɗi, domin makarantun sun saba tambayar abin da ɗalibi ba ya ci. 'Ya mace ta nemi gidan da mace ke jagoranta. Mai son kusanci da jama'ar Musulmi ya duba Granada, inda aka buɗe babban masallaci a unguwar Albaicin a 2003. Biza da kuɗin jirgi su ne babban shinge ga mai fasfon Najeriya, don haka wanda ya samu gurbin karatu a ƙasar da ke amfani da harshen ya nemi a rubuta masa watanni uku na farko a gidan iyali cikin takardar tallafin, kafin ya koma ɗakin kwanan ɗalibai.