JIN MURYOYI IDO BIYU: HAUKA NE KO NAUYIN ZUCIYA?

Tun wajen shekara ta 2011 mutanen arewacin Jihar Zamfara suke kwana da fargaba. Daga Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, har zuwa Shinkafi da Zurmi, 'yan bindiga sun kore shanu, sun ƙone rumbuna, sun sace mutane suna neman kuɗin fansa. A watan Satumba na 2021 har gwamnati ta yanke layukan waya, ta rufe kasuwannin mako, domin ta matsa wa ɓarayin daji. Asarar rayuka da ta dukiya kowa ya san ta. Amma akwai wata wahala da ake ɓoyewa cikin ɗaki saboda kunya. Mutum yana zaune ido biyu, sai ya ji ana kiran sunansa, ko ana zaginsa, ko ya ji muryar wanda aka kashe. Ya waiwaya, ba kowa. Wannan wahala tana samun masu bi, tana kuma samun maƙwabtanmu Musulmi, gama tsoro ba ya tambayar addini.

ABIN YA FI YAWA DA YADDA MUKE ZATO

Da zarar mutum ya ce yana jin murya, sai mu ce iskoki ne, ko sammu, ko kuwa ya taɓu. Bari mu ji abin da likitoci suka gano. A 2015 aka buga sakamakon wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka yi a ƙasashe 18, har da Nijeriya. An tambayi mutum fiye da 31,000. Wajen mutum 5 cikin 100 suka ce sun taɓa ji ko ganin abin da waɗansu ba su ji ba, ba su kuma gani ba. Amma babbar cutar taɓin hankali wadda likitoci suke kira sikizofireniya tana kama wajen mutum 1 ne cikin 300. Ashe yawancin masu jin murya ba mahaukata ba ne.

A 1971 wani likita mai suna Dewi Rees, a ƙasar Wales ta Birtaniya, ya yi magana da mutum 293 waɗanda matansu ko mazansu suka rasu. Kusan rabinsu suka ce sukan ji kamar marigayin yana kusa da su, ko su gan shi, ko su ji shi, wajen 13 cikin 100 kuwa suka ce sun ji muryarsa sosai. Mutane ne masu hankalinsu, baƙin ciki ne kawai ya danne su. In haka ya faru a ƙasar da ake zaman lafiya, ina ga gwauruwar da aka harbe mijinta a gona?

YAYA DAMUWA TAKE JAWO WANNAN?

Allah ya yi mu da hikima. Sa'ad da hatsari ya taso, jiki yakan shirya kansa: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, kunne ya buɗe, barci ya gudu. Wannan shiri yana ceton rai in na ɗan lokaci ne. Amma ga magidanci a ƙauyen Zurmi wanda ya yi wata da watanni yana kasa kunne ko zai ji ƙugin babura da tsakar dare. Ƙwaƙwalwarsa ta saba da jiran mugun labari, har ta soma jin abin da take jira tun bai zo ba. Iska ta kaɗa kara, shi kuwa ya ji takun mutane.

Ban da haka, kowannenmu yana magana da kansa a zuci. Mai lafiya ya san tunaninsa ne. Amma in gajiya da tsoro sun yi yawa, ƙwaƙwalwa takan kasa rarrabewa, sai tunanin mutum ya zo masa kamar daga waje. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu jin murya, an ga sashen ji yana aiki a daidai lokacin. Saboda haka mutumin ba ƙarya yake yi ba, yana ji ɗin da gaske.

Wanda aka tsare a daji, ya sha duka da yunwa, sau da yawa muryar masu tsaronsa takan biyo shi gida. Wani likita a ƙasar Holan, Marius Romme, wanda ya soma sauraron masu jin murya a 1987, ya tarar yawancinsu abin ya fara musu ne bayan wata babbar masifa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da ake rikici, wajen mutum 1 cikin 5 yana fama da wata cuta ta tunani.

WAƊANSU DALILAI KUMA

Kada mu ɗora wa damuwa kome da kome. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da taifot, da sanƙarau, duk suna sa mutum surutai da jin muryoyi. Haka nan farfaɗiya, da toshewar kunne ga tsofaffi, da rashin barci na kwanaki a jere. Wiwi, da ƙwayar tiramadol, da shaƙar sholisho suna rikita samari da yawa. Mashayin da ya bar giya farat ɗaya shi ma yakan ji muryoyi, har da makyarkyata. Akwai kuma mai jego wadda hankalinta yakan gushe cikin makonnin farko bayan haihuwa. Wannan tana bukatar asibiti nan da nan, domin ranta da na jariri.

MENE NE LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA?

Mun ba da gaskiya Allah yana magana da mutanensa, mun kuma sani akwai ikokin duhu. Amma Manzo Yahaya ya gargaɗe mu mu gwada kowane ruhu. Sama'ila da ya ji kira da dare bai ɓoye ba, wurin Eli tsoho ya tafi. Muryar da take zagi, ko take cewa mutum ya kashe kansa, ko ya cuci wani, ba ta Makiyayi Mai Kyau ba ce, kuma ba dole a yi mata biyayya ba.

Mu tuna da annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu daga Yezebel, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan ya yi magana da shi. Luka kuma, wanda ya rubuta Bishara, likita ne. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

ME IYALI ZA SU YI?

Na fari, ku saurara. Kada ku yi dariya, kada ku yi gardama cewa ba kome, kada kuma ku ce ku ma kun ji. Ku tambaye shi a hankali: yaushe ya soma, me muryar take cewa?

Na biyu, ku ba shi hutu. In shi ne mai tsaron gida kowane dare, wani ya karɓe shi. Ya ci abinci, ya rage goro da shayi mai ƙarfi da yamma, ya zauna cikin jama'a. Kaɗaici yana ƙara wa muryoyi ƙarfi.

Na uku, kada ku ɗaure shi. A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Mu ma sai mu duba kanmu, gama akwai gidajen addu'a da suke ɗaure marasa lafiya, suna tilasta musu azumi. Wannan ba halin Almasihu ba ne. Sabuwar dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta tabbatar da mutuncin irin waɗannan mutane.

Na huɗu, ku kai shi asibiti. Kada a kwana in akwai zazzaɓi, ko muryar tana umurtarsa ya yi ɓarna, ko ya ƙi ci, ko mai jego ce. Ku fara da babban asibitin Ƙauran Namoda, ko na Shinkafi, ko na Zurmi. Daga nan za a iya tura ku asibitin tarayya na Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato. In an ba da magani, kada a daina sha don an ga sauƙi, sai likita ya ce.

AIKIN EKKLESIYA

Pastoci da dattawa da Zumuntar Mata, ku ne kusa da jama'a. Wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga, kada mu tsaya ga sujadar godiya ta rana ɗaya. Mu ziyarce shi bayan wata guda, da bayan wata shida, gama sau da yawa a lokacin ne ciwon zuciya yake bayyana. Mu rufa asirinsa, mu taimaka da kuɗin mota da na magani. Da yawa sun warke, sun koma gona da kasuwa, sun aurar da 'ya'yansu. Bari Ubangiji, wanda yake kusa da masu karyayyar zuciya, ya ba ƙasar Zamfara salama, ya ba 'ya'yansa barci mai daɗi. Amin.