Gajartar 'Ya'yan Maya Ba Gado Ba Ce

Malamai 'yan'uwana, ina so in ba ku labarin wasu mutane da ake kira Maya. Su ne 'yan asalin ƙasar Gwatamala, wadda ke kudu da Meksiko, cikin Amurka ta Tsakiya. Yawancinsu manoma ne, suna zaune a kan tuddan yammacin ƙasar, suna kuwa da harsuna 22. Kakanninsu ne suka gina tsohon birnin Tikal. Amma da aka auna yaran ƙasar tsakanin 2014 da 2015, sai aka tarar cikin yara 100 waɗanda ba su kai shekara 5 ba, kusan 47 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A lardin Totonikapan, inda kusan kowa ɗan Maya ne, abin ya kai 70.

Da can mutane kan ce ai Maya haka Allah ya halicce su, gajeru. To, wani masani mai suna Barry Bogin ya auna 'ya'yan Maya waɗanda iyayensu suka yi ƙaura zuwa Amurka, ya gwada su da na gida. Wajen shekarar 2000 ya ga na Amurka sun ɗara na gida da fiye da inci 4. Jini ɗaya ne. Abinci da ruwan sha da magani su ne suka bambanta.

Mene ne ke tsumbura yaron? Sau da yawa ba rashin ƙoshi ba ne. Abincinsu masara ce, a dafa ta da farar ƙasa, a niƙa, a gasa kamar gurasa, a ci da ɗan wake. Nama da ƙwai da madara sai jifa-jifa, domin gonakinsu ƙanana ne, kuɗi kuma babu. Jariri yana shan kunu tsararo, cikinsa ya cika, jikinsa bai sami abin ginuwa ba. Ga kuma ruwa marar tsabta mai kawo zawo, ɗan abin da ya ci ma ya zube. Ɓarnar tana aukuwa ne cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2. Bayan nan da wuya a mai da abin da aka rasa.

A 1949 aka kafa cibiyar binciken abinci mai suna INCAP a birnin Gwatamala. Masananta suka haɗa garin masara da na angurya, suka ƙara bitamin, suka sa masa suna Incaparina, don talaka ya dama kunu mai gina jiki da araha. Daga 1969 zuwa 1977 suka yi gwaji a ƙauyuka 4 na gabashin ƙasar, waɗanda ba na Maya ba ne. Biyu aka riƙa ba su wannan kunu haɗe da madara, biyu kuwa ruwan zaƙi mai bitamin. Tsakanin 2002 da 2004 aka koma aka nemo yaran nan, sun zama magidanta. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara 2, ladan aikinsu ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100. Matan da suka sha shi tun suna jarirai sun fi daɗewa a makaranta, maza da mata kuma sun fi fahimtar karatu.

Duk da haka maganin bai isa ƙauyukan Maya yadda ya kamata ba. Wani dalili shi ne harshe. Ma'aikatan asibiti da Sifaniyanci suke magana, iyaye mata da yawa kuwa ba sa jinsa sosai. Saboda haka wata ƙungiya, Wuqu' Kawoq, wadda aka kafa a 2007, take aika mata 'yan ƙabilar gida gida, suna auna jarirai, suna yi wa uwa bayani da harshenta. A 2017 kuma aka yi dokar ciyar da 'yan makaranta. Wannan abu ne mai kyau, sai dai yaro ɗan shekara 6 ya riga ya wuce lokacin da tsumburewa ke kama shi.

Ga abin da na gani a ciki dominmu, tun da yake mu ma a Arewa muna da yara tsumburarru da yawa, da koko tsararo kuma ake yaye su. Yaron da ya zo aji ya kasa riƙe karatu, kada mu yi saurin ce masa daƙiƙi, mu tambayi yadda aka goye shi. Sa'an nan 'yan matan da ke aji 6 a gabanmu, su ne iyayen gobe. Mu koya musu, da harshen da suke ji, cewa nonon uwa kaɗai ya ishi jariri wata 6, bayan nan a sa gyaɗa ko waken soya cikin kokonsa, a ba shi ƙwai, a tafasa ruwan shansa. Samarin ma su ji, domin su ne za su yi cefane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.