Abin da Ke Rubuce a Cikin Ƙwayar Tuffa

Masu lambu sun daɗe da sanin dalilin auren mangwaro. Ka sha ɗan aure mai zaƙi, ka binne ƙwallonsa, ka yi ta ban-ruwa shekara da shekaru, ƙarshe sau da yawa ya ba ka 'ya'yan da ba su kama ƙafar uwarsu ba. To tuffa ta fi mangwaro wannan hali nesa ba kusa ba. Furenta ba ya karɓar barbara daga bishiyarsa ko daga mai irin jininsa, sai ƙudan zuma sun ɗauko garin fure daga wani iri dabam. Saboda haka kowace ƙwaya da ke cikin tuffa sabon iri ce da duniya ba ta taɓa gani ba, kuma galibinsu in sun girma tsami da bauri ne. Koriyar tuffar nan da ake kira Granny Smith, duk inda ka gan ta, reshe ce da aka yi ta aurawa daga bishiya guda da ta tsiro a gonar Maria Ann Smith kusa da birnin Sidni na Ostareliya wajen 1868.

Asalin tuffa tsaunukan Tiyan Shan ne, a yankin Kazakistan na yau, inda har gobe akwai dazukanta kusa da Almati. Fatake suka bi da ita yamma, ta gauraya da tuffar jejin Turai. A 2010 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin jagorancin wata cibiya a Italiya ta karanta littafin gadonta gaba ɗaya, daga irin Golden Delicious: zaren gado tagwaye 17, ɗauke da dubban ƙwayoyin gado. Daga nan aka shiga neman wace ƙwaya ce ke riƙe da wane hali.

Tsami ne ya fi sauƙin kamawa. Abin da ke sa tuffa ta ɗan ciji harshe shi ne sinadarin malik, kuma yawansa ya dogara ƙwarai ga ƙwayar gado ɗaya da ke kan zare na 16, wadda ake kira Ma. Aikinta kamar na mai tsaron rumbu ne: tana shigar da sinadarin cikin ma'ajiyar ƙwayoyin tsokar tuffa. A 2012 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka nuna cewa akwai wani nau'inta guntulalle, wanda ba ya iya aikin sosai. Kowace bishiya tana gadon kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wadda ta gaji lafiyayyu biyu takan yi tsami fiye da kima. Wadda ta gaji guntaye biyu sai ta fito lami, kamar ruwan sukari. Yawancin tuffar kasuwa tana da ɗaya lafiyayye ɗaya guntu. Ga inda lissafin yake da ciwo: in ka haɗa irin waɗannan biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu lami za su fito, ba makawa. A da, sai an shuka su, an yi musu taki da feshi shekara biyar ko fiye, sun yi 'ya'ya, sannan a ɗanɗana a gane asara aka yi.

Launi kuma yana hannun wata ƙwaya a zare na 9, MYB10, wadda ke kunna aikin yin jan launi a ɓawo idan rana ta haska kuma dare ya yi sanyi. Akwai wani nau'inta daga tsakiyar Asiya da ke sa har tsokar ciki ta yi ja. Sai dai launi shi ne ya fi ruɗin mutane. Red Delicious, wadda ta fito daga jihar Ayowa a ƙarshen ƙarni na 19, asalinta mai ratsi-ratsi ce. Duk lokacin da wani reshe ya canza da kansa ya ba da 'ya'ya mafi ja, sai manoma su yanke shi su aura, domin ja ne ke kiran mai saye. Aka yi ta bin ido har aka manta da baki. Tuffar ta zama ja wur tun kafin ta nuna, ɓawo ya yi kauri, ciki kuwa gari-gari. Ta yi fiye da shekara hamsin tana kan gaba a Amurka, sai a 2018 tuffar Gala ta karɓe kambun. A ganina laifin bai zama na bishiya ba.

Ga wanda ke sayen tuffa a Kano ko Kaduna, halin da ya fi shafarsa shi ne juriya, domin akasarin abin da ke kan tire ya keto teku ne, da yawa daga Afirka ta Kudu. Tuffa tana fitar da iskar etilin, wadda ita ce ke nunar da ayaba, kuma ita ce ke umartar tsoka ta saki. Ƙwayar ACS1 da ke zare na 15 tana cikin masu sarrafa wannan iska. Fuji, wadda Japanawa suka haɗa a 1939 suka fitar a 1962, ta gaji kwafi biyu masu rowar etilin, shi ya sa take daɗewa a ɗakin sanyi tana nan garas-garas. Wata ƙwayar, PG1, a zare na 10, ita ke narkar da ƙaron da ke manne ƙwayoyin tsoka da juna. In ta yi ƙwazo da yawa, ƙwayoyin sai su rabu ba tare da sun fashe ba, ruwan ya ƙi fitowa, ka ji kamar dafaffen rogo a baki.

Amfanin duk wannan ga mai kyautata iri a fili yake. Yanzu tsiro yana da 'yan makonni za a tsinki ɗan ganyensa, a duba DNA ɗinsa, a ga ko lami zai yi, ko zai yi saurin laushi, a tumɓuke shi tun bai ci fili ba. Kafin ma a yi barbara ana duba iyayen. Gwajin ya kuma tona asirin dangantaka: Honeycrisp, wadda Jami'ar Minnesota ta fitar a 1991, an daɗe ana jingina ta ga iyayen da ba nata ba, sai DNA ya nuna Keepsake ce ɗaya daga cikin na gaskiya. Kada a haɗa wannan da sauya halitta a ɗakin gwaji, irin na tuffar Arctic da aka kashe wa ƙwayar da ke sa ta yin duhu bayan an yanka, wadda Amurka ta amince da ita a 2015. Waccan hanya ce dabam. A nan barbara ce ta gargajiya, an dai samu fitilar leƙa ciki.

Amma fitilar ta fi gwanancewa wajen nuna abin zubarwa fiye da abin ajiyewa. Zaƙi da ƙamshi ba su da ƙwaya guda mai riƙe da su. Ƙwayoyi ne barjat, kowace da ɗan gudummawarta, ga rana da ƙasa da lokacin tsinka suna sa baki. Cosmic Crisp, wadda Jami'ar Jihar Washington ta samo daga haɗin Enterprise da Honeycrisp a 1997, ba ta shiga kasuwa ba sai ƙarshen 2019. Shekara 22 ke nan. Har yau idan kaka ta yi, masu wannan aiki sukan bi layin bishiyoyin gwaji ɗaya bayan ɗaya, su gatsa, su tauna, su tofar, ɗaruruwa a yini, kuma wadda ba ta gamsar da harshe ba gatari ne rabonta, komai kyan sakamakonta a takarda.