Kiwon Zomo a Tsakar Gida: Abin da Mai Juna Biyu da Iyalinta Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko a Yakasai ne ko Mandawari ko Dala, ya san gidan da ake kiwon zomo. Yawanci yaro ne kan tara 'yan kuɗinsa ya sayo mace da namiji, a yi musu akurki a bayan ɗaki. Kafin a ankara sun cika gida, domin cikin zomanya bai wuce kamar kwana 31 ba, kuma takan haifi shida, bakwai ko fiye a lokaci guda. Gidajen cikin gari kuwa a matse suke. A tsakar gida ɗaya ake girki, a nan ake shanya, a nan kuma yara ke rarrafe. To, idan uwargida ta sami juna biyu sai tambaya ta taso: a rabu da zomayen ne, ko a bar su?

Ba dole ba ne a rabu da su. Amma sai an koya musu wuri ɗaya na kashi da fitsari, an san inda haɗari yake, an kuma ɗauke wa mai ciki aikin sharar su.

Koya wa zomo wurin ba-haya

Zomo dabba ce mai tsafta. A ɗabi'arsa yakan zaɓi kusurwa ɗaya ya riƙa fitsari a nan, kuma yana son ya riƙa cin ciyawa yayin da yake kashi. Da waɗannan halaye biyu ake horar da shi.

1. A killace shi a ɗan ƙaramin wuri na kwana biyu ko uku, a lura da kusurwar da ya zaɓa. Idan daɓen ƙasa ne a shafe shi da siminti, domin zomo gwanin haƙa ne, ramin da ya haƙa a gindin bango kuwa gobe ɓera ne zai gaje shi.

2. A ajiye baho na roba marar zurfi a wannan kusurwa. A shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, a zuba busasshiyar ciyawa a kai. A guji garin katako mai laushi, ƙurarsa tana shiga hancin zomo.

3. A ɗebi kaɗan daga kashinsa a zuba a bahon, a rataye harawa daf da shi. Warin ne zai riƙa jawo shi.

4. Idan ya yi fitsari a wani wuri, a wanke da ruwan khal ko ruwan lemon tsami. Suna kashe zarni, suna kuma narkar da farin tabon da fitsarin zomo ke bari. Kada a doke shi, duka tsoro kawai yake koya masa.

5. Idan ya saba, a riƙa ƙara masa fili kaɗan-kaɗan, amma ban da madafi da ɗakin kwana.

Babban zomo ya fi ƙarami saurin koyo. Idan namiji ya balaga, wajen wata huɗu zuwa shida, yakan fara watsa fitsari don nuna yankinsa. Maganin wannan shi ne a kai shi asibitin dabbobi a dandaƙe shi. Zomo ɗaya yakan zubar da ƙwayar kashi 200 zuwa 300 a rana, saboda haka kullum ake kwashe baho, musamman a bazara lokacin da zarni ke tashi. Kashin kuwa taki ne mai kyau ga zogale.

Kyanwa ce abin lura

Cutar da aka fi jiye wa mai ciki daga dabbobin gida ita ce toksofilasma. A shekarar 1908 aka gano ƙwayarta, a jikin wani ɗan ɓeran duwatsu a Tunisiya, da kuma jikin zomo a Barazil. Sai wajen 1970 masana suka tabbatar cewa kyanwa da danginta ne kaɗai ke zubar da ƙwan cutar a cikin kashinsu. Wato kashin zomo ba ya yaɗa ta. Amma kyanwa tana son binne kashinta a yashi da busasshiyar ciyawa, kuma bahon zomo ya yi mata daidai. Bayan kwana ɗaya zuwa biyar ƙwan yake zama mai kama mutum. Wannan shi ne dalili na biyu na kwashe baho kullum, da rufe akurki da waya.

Ana kuma kamuwa ta cin naman da bai dahu ba, na zomo ne ko na rago ko akuya, da ganyen latas ko kabejin da ba a wanke ba, da cin ƙasa. Yawancin mata ba sa jin komai idan sun kamu, wasu kuma ɗan zazzaɓi ne da kaluluwa a wuya. Ɗan da ke ciki shi ke shan wahala. Idan uwa ta fara kamuwa tana da ciki, ana iya yin ɓari, ko a haifi jariri da ruwa a kai, ko ciwon ido da zai bayyana bayan shekaru. 'Yar'uwa, idan kwaɗayin tsire ko balangu ya taso, ki tabbatar ya gasu har ciki. Idan kuma ƙasa kike marmari, ki faɗa wa ma'aikaciyar awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Dusa tana kiran ɓera

Ragowar dusa da abincin da aka bari a akurki su ke gayyato ɓera, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno. Ana kamuwa ta abinci ko kwanon da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa, kuma cutar ta fi yawa da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ta kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, a fiye da kashi 80 cikin 100 akan rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Don haka a adana dusa da hatsi a mazubi mai murfi, a kwashe ragowar abincin zomo kafin magariba, a toshe ramuka.

Daga jikin zomon kansa ana iya ɗaukar makero, kuma yakushi ko cizonsa yakan ruru. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa. Allurar rigakafin sarƙe-haƙora da ake yi a wajen awo tana kare uwa da jariri, kada a tsallake ta.

Maigida, ga naka aikin

Daga ranar da aka san da ciki, sharar akurki ta koma hannun maigida ko manyan yara. Idan ba makawa sai uwargida ta yi, ta sa safar hannu ko leda, ta yayyafa ruwa kafin shara, ta wanke hannu da sabulu. Kada a wanke bahon zomo a bakin rijiya ko wurin wanke-wanke. Kada mai ciki ta feɗe zomo, kada kuma ta taɓa mahaifar akuya ko tunkiya. Bayan haihuwa, kada a bar zomo ko kyanwa su shiga ɗakin mai jego, kuma duk yaron da ya taɓa su ya wanke hannu kafin ya ɗauki jariri.

Yaushe za a garzayo asibiti?

Idan mai ciki ta yi zazzaɓi, ta zo a gwada ta, kada ta tsaya shan magani a kemis. Idan an sha maganin maleriya zazzaɓin bai sauka ba, ko aka ga zubar jini, ko ciwon maƙogwaro da amai, ko motsin ciki ya ragu, kada a jira ranar awo. A zo Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ko asibiti mafi kusa. A gaya wa likita irin dabbobin da ke gidan, da ko ana ganin ɓeraye, domin wannan bayani yana taimaka masa ya san gwajin da zai yi.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya raba lafiya.