Neman Asali a Tsofaffin Littattafan Cocin Ingila

A Ingila, wanda ke son sanin kakanninsa na kafin shekarar 1837, wato shekarar da gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa da kanta, kusan ba shi da madogara sai littattafan coci. An daɗe da kasa ƙasar zuwa ƙananan gundumomi, kowace da cocinta da limaminta, kuma a cikin littafin gunduma ake rubuta abubuwa uku: baftisma, wato wankan shigar da jariri cikin addinin Kirista, da ɗaurin aure, da binne mamaci. Aikin ya faro ne a 1538, lokacin da Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na 8, ya umarci kowane limami ya riƙa rubuta waɗannan hidimomi duk ranar Lahadi a gaban dattawan coci, sannan a adana littafin cikin akwati mai makulli biyu.

Kaɗan ne daga littattafan farko suka tsira, domin a kan takarda aka rubuta su, wadda danshi da ɓeraye ba sa raga mata. Shi ya sa a 1598 aka ba da umarnin a kwafe tsofaffin bayanai a kan jemammiyar fata, musamman tun daga hawan Sarauniya Elizabeth ta 1, kuma malaman da ba su son wahala suka tsaya daidai nan, abin da ya sa littattafai da yawa suke farawa daga 1558. A wannan lokacin ne kuma aka wajabta aika wa bishop kwafin abin da aka rubuta kowace shekara, kuma wannan kwafi shi ne yake ceton mai bincike idan littafin asali ya ƙone ko ya ɓace, ko da yake shi ma yakan yi giɓi, musamman a shekarun yaƙin basasa da waɗanda suka biyo bayansa, tsakanin 1640 da 1660.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai karanta waɗannan littattafai shi ne ya tuna cewa limaman ba don jikoki masu neman salsala suka rubuta su ba, hidimar coci kawai suke lissafawa. Ranar da ke cikin littafin ranar baftisma ce, wadda takan zo kwanaki kaɗan bayan haihuwa, amma a wasu gidaje sai a jinkirta har shekaru, a kawo yara uku ko huɗu a yi musu rana ɗaya, mai gaggawa ya ɗauka tagwaye ne ko 'yan uku. Sau da yawa tsofaffin bayanai ba su wuce sunan yaro da na ubansa ba, uwa kuwa ko ambatonta ba a yi, kuma limami yakan rubuta sunan iyali yadda kunnensa ya ji, ta yadda mutum ɗaya zai bayyana da rubutun suna iri uku tsakanin baftismarsa da jana'izarsa. Ga kuma al'adar mayar wa sabon jariri sunan wansa da ya rasu, wadda ta sa wajibi ne a duba shafin binnewa kafin a amince cewa yaron da aka gani a shafin baftisma shi ne ya girma ya yi aure. A nan ne yawancin bishiyoyin nasaba da ke yawo a intanet suke karkacewa, domin dacewar suna da shekara ba hujja ba ce a ƙauyen da rabin mazansa John ne ko William ko Thomas.

Kalanda ma tana da nata tarkon. Har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka jaririn da aka yi wa baftisma a Disambar 1720 aka binne shi a Fabrairun 1720 bai mutu kafin a haife shi ba, wata biyu ya yi a duniya, kuma Fabrairun nan a lissafin yau na 1721 ne.

Dokoki biyu ne suka sauƙaƙa aikin daga baya. Dokar aure da ta fara aiki a 1754 ta tilasta a ɗaura kowane aure a cocin Angilika, in ban da na Yahudawa da na ɗariƙar Kwaka, tare da sa hannun ango da amarya da shaidu biyu, ko alamarsu idan ba su iya rubutu ba. Shaidun nan sau da yawa dangi ne, don haka sunayensu kan warware shakku. Daga 1813 kuma aka kawo littattafai masu bugaggun gurabe, inda ake rubuta sana'ar uba da mazauninsa, da shekarun mamaci. Mai bincike mai hankali yakan fara ne daga abin da ya tabbata, kamar ƙidayar jama'a ta 1851 wadda ta nuna garin haihuwar kowa, sannan ya riƙa komawa baya tsara bayan tsara, yana gwada kowane suna da wasiyyoyi da takardun tallafin matalauta da gundumar ta ajiye.

Yawancin tsofaffin littattafan yanzu suna gidajen adana tarihi na larduna, kuma an ɗauki hotunan da dama an sa a shafuka irin su FamilySearch, amma jerin sunayen da aka tsamo daga cikinsu aikin masu kwafi ne da kan yi kuskure, shi ya sa ƙwararru ba sa yarda sai sun ga hoton shafin da idonsu. Masu asali daga Ailan sun fi shan wuya, domin gobarar da ta cinye gidan adana takardun gwamnati a Dublin a 1922 ta tafi da littattafan cocin Angilika masu yawa, sai dai na Katolika, waɗanda ba a kai can ba, sun tsira, kuma tun 2015 babban ɗakin karatu na ƙasar ya sa hotunansu a intanet kyauta.