Bazara da Fatar Jikinmu: Jan Kunne ga Mutanen Boɗinga da Shagari

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari da tsakar rana ba ya buƙatar a gaya masa bazara ta kama. Kwalta na turiri, iskar da ke kaɗawa ma zafi take kawowa. Awon zafi yakan haura digiri 40, a watan Afrilu kuwa abin ya fi ƙamari, kuma sunan Jihar Sakkwato ba ya ɓacewa cikin jerin jihohin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ke yi wa gargaɗin tsananin zafi. Duk da haka ba wanda zai zauna gida. Mai noman rani a bakin madatsar ruwan Shagari sai ya ba albasarsa ruwa, ɗan kabu-kabu sai ya nemi na cefane, makiyayi sai ya kai dabbobinsa mashaya, yarinya mai tallar fura sai ta zaga gari.

Fata ce ke fara karɓar wannan azaba, amma ita ce ba mu cika kula da ita ba. Maza na ganin kula da fata kwalliyar mata ce. Mata da yawa kuma sun ɗauka kula da fata shi ne sayen man da zai sa ta yi haske. Duka biyun kuskure ne, na biyun kuwa har ya fi na farkon haɗari.

Zafi daban, hasken rana daban. Cikin hasken rana akwai wani nau'i da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, shi ne ke ƙona fata, ya tsufar da ita da wuri, wani lokaci ya haddasa ciwon daji. Ya fi ƙarfi daga misalin ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma siririn gajimare ba ya tare shi. Allah ya yi wa baƙar fata garkuwa da wani sinadari mai suna melanin, wanda shi ne ke ba ta launinta, yana kuma tsotse kaso mai yawa na wannan haske kafin ya yi ɓarna. Shi ya sa manomi a Danchadi ko Kajiji zai yini a gona shekara da shekaru bai ga abin da Bature zai gani cikin yini ɗaya ba. Sai dai garkuwar ba ta tare komai. Baƙar fata ma tana ƙonewa, tana yin dabbare-dabbare a kumatu da goshi, tabon ƙuraje na ƙara duhu, idanu kuma na saurin yin yana.

To wannan garkuwa ita ce man bilicin ke kankarewa. Yawancin mayukan nan da ake haɗawa a robobi marasa suna, ko ake sayarwa a kasuwa da sunan gyaran jiki, abubuwa uku ne ke aiki a cikinsu: haidirokwinon, da makuri, da sitiroyid. Haidirokwinon yana hana fata yin melanin. Idan an daɗe ana shafa shi ana shiga rana, sai kumatu su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ya fi na asali muni, kuma da wuya ya goge. Makuri yana ratsa fata ya shiga jini, ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, yana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Sitiroyid kuwa magani ne na gaske da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki saboda wasu cututtukan fata, amma aka mayar da shi man shafawa na kullum. Yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa ta faso a damtse da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Idan ya yi yawa a jiki yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. A 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, tana kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da mayukan ƙara haske.

A ɗora wannan a kan ranar Afrilu ta ƙasar Sakkwato. Mace ta cire abin da ke kare ta, ta fita biki ko kasuwa da azahar, ta dawo fuska ta yi ja tana raɗaɗi, sai ta ce man bai karɓe ta ba, ta sayo wanda ya fi shi ƙarfi. Garin neman gira ana rasa ido. Abin da ya fi ban takaici shi ne iyaye mata da ke haɗa wa ƙananan yara man bilicin, har da jarirai, alhali fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotse abin da aka shafa mata. Mazan da ke yaba fara suna kushe baƙa a gaban matansu da 'ya'yansu su ma da hannunsu a ciki, kuma yanzu samari da dama sun shiga shafe-shafen da kansu. Wadda ta daɗe tana shafa mai sitiroyid ta je asibiti a nuna mata yadda za ta rage har ta daina, domin yankewa farat ɗaya kan tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi, abin da ke sa da yawa su koma shafa shi.

Masu gyaran amare ma su ji. Dilka da kurkum ba laifi ba ne in an yi su da sauƙin hannu, amma gurzar fata da ƙarfi kullum na raunana ta. Lemun tsami da ake matsawa a fuska kuwa, in aka fita rana da shi, yana iya ƙona wurin ya bar tabo mai duhu na watanni.

Abin da fata ke so a bazara bai kai kuɗin kwalba ɗaya ta bilicin ba. Wanka da sassafe da kuma da dare, da sabulu mai sauƙi. Sabulun wanki da na soda ba na jiki ba ne, suna kwashe maiƙon da fata ke yi wa kanta. Ba sai an yi ta dirza da soso mai kaushi ba. Bayan wanka, tun jiki na da ɗan danshi, a shafa mai kaɗan. Man kaɗanya ya wadatar, musamman a ƙafa da gwiwa da leɓe da inda ke yin faso. Amma a lura, yadda ake lafta mai da hunturu ba haka ake yi da bazara ba. Basilin mai kauri a wuya da baya da ƙirji na toshe kafofin gumi, daga nan ƙurajen zafi ke samo asali, waɗanda ke hana yara barci. Maganinsu iska da wanka da ruwa mai sanyi da tufafi marasa nauyi. In sun fara ruwa ko mugunya, ko yaro ya haɗa da zazzaɓi, a kai shi asibiti. Kada a sayo man nan na bututu a kemis a shafa masa ba da izinin ma'aikacin lafiya ba, da yawansu sitiroyid ne a ciki.

Wata magana da ake yawan yi ita ce man kaɗanya na kare rana. Yana laushin fata, yana riƙe mata danshi, amma kariyar da yake bayarwa daga hasken rana kaɗan ce ƙwarai, ba abin dogaro ba ce. Abin dogaro shi ne sutura da inuwa, kuma a nan kakanninmu sun riga mu gane hanya. Malafa mai faɗi tana rufe fuska da kunnuwa da ƙeya, wuraren da hula ke bari a buɗe. Rawani da mayafi da riga mai dogon hannu mai yalwa duk kariya ce. Yadin auduga ya fi, domin yana barin iska ta shiga gumi ya bushe, saɓanin yadin nan mai santsi irin na roba da ake ɗinka hijabai masu araha da shi, wanda ke riƙe zafi. Ɗan kabu-kabu ya sa riga mai dogon hannu da tabarau, ba don gayu ba. Mai noman rani ya ba da ƙarfi a aikin sassafe da na bayan la'asar, ya nemi gindin bishiya idan rana ta take. Ba ana cewa a guje wa rana ɗungurungum ba, jiki na buƙatar ta don ƙarfin ƙashi. Matan da ke yini cikin ɗaki su riƙa ɗan shan hantsi a tsakar gida tare da yaransu.

Sai man kare rana na kanti, wanda ake rubuta SPF da lamba a jikin kwalbarsa. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai lamba 50 kusan kashi 98. Ana shafa shi a fuska da wuya da kunnuwa da bayan hannu minti 15 kafin a fita, a sake bayan awa biyu, ko bayan gumi mai yawa, ko bayan alwala. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kada kuma a bar shi cikin mota ko a rana. Yana da tsada, kuma ni ban ga dalilin da za a ce wa manomin da ke da malafa da riga lallai sai ya saya ba. Amma akwai waɗanda ya zame musu dole: wadda ta yi bilicin ko take ƙoƙarin dainawa, mai dabbare-dabbare a fuska, mai tabon ƙuna, da wanda ke shan maganin da ke sa fata jin rana, irin su dokisisaikilin. Gaba da kowa kuma zabiya.

Kafin a zo kansu, a yi maganar ruwa, domin duk man da za a shafa ba zai maye gurbinsa ba. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya cikin awa guda. Kada ya jira sai ƙishi ya kama shi. Ledar ruwan fiya-wata guda ɗaya, wato rabin lita, duk bayan minti 30 zuwa 40 ba ta yi yawa ba. Awo mafi sauƙi shi ne fitsari: in ya yi ja kuma kaɗan ne, jiki na neman ruwa. Ruwan randa ya isa, ba sai mai ƙanƙara ba. Kankana da gurji da lemu da fura da nono da kunun tsamiya duk suna taimakawa, lemun kwalba mai tarin sukari kuwa ba ya kashe ƙishi yadda ake zato. Wanda ya galabaita a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shekarun 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin watan Maris, an kuma ga yadda mutane ke kwankwaɗar ruwa da yawa lokaci ɗaya da buɗe-baki. Gara a rarraba shi kaɗan-kaɗan daga magariba har sahur. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi ko da zafi ya kai ina, sai dai a ƙara yawan ba shi, uwar ta ƙara shan ruwa, a kuma ajiye shi a inuwa.

Idan mutum ya fara jiri da ciwon kai da amai a rana, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa. In ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, ba iskokai ba ne. A yi ta zuba masa ruwa ana fifita, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kada a ɗura masa komai a baki.

Zabiya an haife shi ne da ƙarancin melanin ko ma babu, don haka abin da ke ba mu wahala shi kashe shi yake yi. Ciwon dajin fata na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke zabiya a Afirka tun suna matasa. Yakan fara ne da ɗan ɓawo mai kaushi a kunne ko leɓe ko ƙeya, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a yi ta shafa masa maganin gargajiya har ya ci wuri. Yaron da aka haifa zabiya a Sifawa ko Dingyaɗi ko Dandin Mahe bai kamata a tura shi kiwo ko talla ko bara da tsakar rana ba. A sa masa malafa da riga mai dogon hannu tun yana rarrafe, a zaunar da shi gaban aji saboda raunin ganinsa, a nema masa sana'ar inuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni ta kowace shekara don tunawa da su, a 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kare rana cikin jerin muhimman magunguna saboda su.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato, da masu hannu da shuni, su ƙirga zabiyan da ke yankunansu, su ajiye musu man kare rana mai lamba 50 kyauta a asibitocin matakin farko. Hakimai da limamai su sa baki a kan masu haɗa wa yara man bilicin. Kai kuma mai karatu, zabiya ne kai ko baƙi, duk gyambo ko tabon da ya wuce wata ɗaya bai warke ba, ko yana girma, ko yana zubar da jini, ka kai shi babban asibitin Boɗinga ko na Shagari. In ya fi ƙarfinsu za su tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.