Ƙari a cikin ƙwaƙwalwa: salula ba likita ba ce

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Ƙwanni da Malbaza da Illela, yau wayar salula ta shiga kowane gari. In ciwo ya kama mutum, kafin a kai shi gidan likita wani ya turo saƙon murya ta WhatsApp, wani ya nuna hoton mai magani a Facebook. A cikin wannan bayani akwai na gaskiya, akwai na ƴan neman kuɗi. To, yaya za mu bambance su in ciwon ya shafi ƙwaƙwalwa?

Mene ne wannan ciwo?

Ƙari wani tsiro ne da ke girma a cikin kai. Ƙoƙon kan babba ƙashi ne, ba ya buɗewa. Saboda haka in ƙarin ya girma sai ya danne ƙwaƙwalwa. Wani ƙarin ciwon daji ne, wanda ake kira sankara ko kansa. Wani kuwa ba daji ba ne, yana girma sannu sannu, kuma sau da yawa ana iya cire shi da tiyata. Wani lokaci dajin yakan faro daga nono ko huhu, sannan ya hau kai.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna mutum sama da 300.000 suka kamu da dajin ƙwaƙwalwa da laka a duniya a wannan shekara. Ba ciwon wata ƙasa ɗaya ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko kwana ɗaki ɗaya.

Mu lura da kalmomi biyu masu kama da juna. Sanƙarau daban, sankara daban. Sanƙarau yana zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, musamman lokacin rani, kuma yana yaɗuwa. Ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa yawanci a hankali yake bayyana, cikin makonni ko watanni.

Alamun da ba a zama da su

Yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne. Rana, gajiya, ƙishirwa, masassarar cizon sauro da hawan jini duk suna kawo shi. Amma kada mu yi jinkiri in muka ga waɗannan:

1. Ciwon kai mai ƙaruwa mako bayan mako, wanda ya fi tsanani da asuba, tare da amai.
2. Babban mutum ya fara faɗuwa kamar mai farfaɗiya, alhali bai taɓa yi ba.
3. Hannu ko ƙafa na gefe ɗaya na mutuwa sannu sannu.
4. Gani ya rage, ko mutum na ganin abu ɗaya ya zama biyu.
5. Magana ta harɗe, tafiya ta zama tangaɗi, ko hali ya sauya.
6. Jariri kansa na girma fiye da kima.

In hali ya sauya ko mutum ya faɗi, mukan ce iskoki ne ko sammu. Addu'a abu ne mai kyau, amma ba ta hana zuwa likita. A haɗa su biyu.

Ina za mu nufa?

Matakin farko shi ne gidan likita mafi kusa. In majo ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai ba da takardar zuwa likitar gunduma ko babbar likitar Tawa. Akwai kuma asibitin Galmi, cikin gundumar Malbaza, wanda ke aiki tun 1950. Amma ba a gane ƙari da ido ko da taɓawa. Sai an ɗauki hoton cikin kai da na'urar da ake kira sikana. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna manyan asibitoci, kamar babbar likitar ƙasa ta Yamai da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tun shekarar 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji da ke Yamai ta samu na'urar gashi, wadda ke ƙona ƙwayoyin daji da wani irin haske.

Yadda za mu auna bayanin salula

Kafin mu yarda da wani saƙo, mu yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa, kuma a wace likita yake aiki? Yana sayar da wani abu ne? Ya ce maganinsa na warkar da kowace cuta? Duk wanda ya ce zai narkar da ƙari cikin kwana bakwai in an tura masa kuɗi, aljihunmu yake nema. Kada mu sayar da buhunan albasa ko rago saboda shi, mu rasa kuɗin mota ranar da tafiya Yamai ta kama.

Salula tana da nata amfani. Da ita za mu ɗauki hoton takardar magani don kada ta ɓace. In mara lafiya ya faɗi, wani ya ɗauki majiginsa a nuna wa likita. Duk abin da muka ji a waya, mu kai shi gaban ma'aikacin lafiya kafin mu yi aiki da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Mu da muka koyi karatu muna da aiki a nan. Mu rubuta ranar da ciwo ya fara, da sau nawa aka faɗi. Mu tambayi likita sunan ciwon, da aikin kowane magani, da ranar komowa, mu rubuta amsa. Mu adana karne da hotuna cikin leda ɗaya.

Jinya a gida

In mara lafiya ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, kada a yi masa hayaƙi. In jijjigar ta wuce minti 5, a gaggauta zuwa likita. Mai faɗuwa kada ya je rijiya ko bakin wuta ko magudanar ruwan garka shi kaɗai, kada kuma ya tuƙa moto. Ba a tsai da magani don an ga sauƙi, sai da izinin likita. Wanda ya kwanta a riƙa juya shi bayan kowace awa 2, don kada gyambo ya fito masa.

Wani ƙarin ba ya warkewa, amma akwai maganin rage zafi, kuma haƙƙin mara lafiya ne a nema masa. Mai jinya ita ma mutum ce, tana gajiya. Dangi su riƙa karɓarta, maƙwabta su yi gayya a gonar gidan, don kada ciwo ya haɗu da yunwa.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka, amin.